Bolt Shida a Gefen Gadon Baba

Ni da karatun wutar lantarki ba mu taɓa shiri ba. A makarantar horon malamai ta mata, malamin kimiyyarmu wani siririn mutum ne mai son alli kamar zai ci, ya cika allo da zanen waya da batir, mu kuwa muna ta hamma a bayan littafi. Mu da aci-balbal muke kunnawa a gidajenmu, ina ruwanmu da bolt da amfiya? Na haddace don jarrabawa, na zubar a takarda, na fito na kaɗe zanena. Ban san abin zai biyo ni har ɗakin mahaifina ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, cikin marka. Ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada aka aiko cewa jikin Baba ya yi tsanani. Ƙauyenmu yana can bayan Doguwa, gindin duwatsu, kuma tsakaninsa da titi akwai wani rafi da in ya kawo, ko saniya ba ta yarda ta sa ƙafa. Ran Talata na haye, ruwa iya gwiwa. Ran Laraba ya rufe hanya.

Na tarar da Baba ƙafafu a kumbure, ba ya wuce cokali uku na kunu. Idanunsa dama sun shekara biyu da mutuwa. Inna ta daɗe da riga mu gidan gaskiya, don haka jinya ta zama tawa da Baffa, ƙanin Baba, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidajensu.

Mu biyu Baba ya haifa, ni da Yaya. Shekara goma sha ɗaya kafin wannan damina, ranar gayya a gonarmu, Baba ya yi wa Yaya gyara a kan yadda yake jan kunya. Yaya ya cire garma daga kafaɗa ya jefar a gaban ƙafar Baba, a idon mutanen gari, ya ce shi ba zai ruɓe a cikin kunya kamar wasu ba. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kama hanya. Kada ka sake taka min gona, kada ka sake taka min gida." Yaya ya bi motocin shanu ya yi kudu. Tun daga ranar, in baƙo ya tambayi Baba 'ya'yansa nawa, sai ya ce ɗaya, mace.

Sau biyu Yaya ya sa aka rubuto masa wasiƙar ban haƙuri, ni na karanta. Baba ya ce, "Takarda bakin mai karanta ta take ara. Ke ce kike roƙa masa." Kuma gaskiyarsa, na ɗan ƙara gishiri.

To, mako guda kafin zuwana, wani maƙwabcinmu na ruga da ke kai shanu kudu ya dawo da kaset a naɗe cikin leda, ya ba Baffa, ya ce daga Yaya. Wannan karon ba takarda ba ce, bakinsa ne da kansa. Kowa ya san abin da ke ciki ko ba a kunna ba, kuma kowa ya san mene ne mutum ya binne ubansa da fushinsa a kansa.

Rakoda ɗaya ce tak a ƙauyen, ta Baffa, wadda ya zo da ita daga aikin Hajji. Har riga aka ɗinka mata. Matsalar batir ce. Na mai tebur sun ƙare, kasuwar Doguwa kuma tana hayin rafi.

Amma a ƙauyenmu batir ba ya mutuwa. In ya yi sanyi a shanya shi a kan rufin ɗaki, in ya ƙi a gartsa masa haƙori, in ya ƙara ƙi a ɗan bubbuge shi da dutse. Daga nan a tsaga gora a jera su ciki, kan wannan a gindin wancan, a ɗaure da roba, a jawo waya zuwa rediyo. Da irin wannan jerin Baffa yake jin labaran duniya kullum. Ya ce tunda rediyon tana magana, kaset ma zai yi. Ni da takardar shaidar malanta a akwati, na bi shi a haka, don ban ga laifin lissafinsa ba.

Ran Alhamis da hantsi na durƙusa na gaya wa Baba. Ya juya fuska bango. Mun daɗe a haka, ruwa yana ɗiga daga indararo, sannan ya ce, "Kunna."

Baffa ya danna. Abin da ya fito ba zan manta da shi ba. Wata murya ce mai kauri, a jajjaye, kamar mutum yana magana daga cikin rijiya da tuwo a baki. Sallamar kawai sai da ta ɗauki lokacin da za a sha ruwa a ajiye kwano. Daga nan ta ƙara nutsewa, ta koma gurnani.

Baba ya saurara, ya saurara. Ya ce, "Wannan ba ɗana ba ne."

Na ce, "Baba, batir ne ya yi sanyi."

Ya ce, "Don kun ga ba na gani? Wa kuka sa ya yi min wannan? Har da ke, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya ce a fitar masa da abin daga ɗaki.

Na zagaya bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah, na kuma zagi Yaya zagin da ban taɓa yi wa kowa ba. Shi yana can kudu ya yi magana a cikin akwati ya huta, ni ce nan nake wanke kwanon tofi, ni ce kuma aka kira maƙaryaciya. Wallahi a lokacin da kaset ɗin yana hannuna da na jefa shi a rafi. Amma kalmar nan "kunna" ta hana ni sakat. Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi kafin ya furta ta, mu kuma muka ɓarar.

Baffa ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ya bi gida gida, har ruga, ya tattaro duk wani mataccen batir da ke ƙauyen. Muka jera goma sha biyu a zaure, nesa da kunnen Baba. Kaset ya tashi daidai na numfashi ɗaya, ya sake nutsewa. Muka ƙara huɗu. Haka dai.

Ina durƙushe a gaban gorar nan sai maganar siririn malaminmu ta faɗo min. Ya taɓa kwatanta mana wutar lantarki da ruwan madatsar Tiga: bolt shi ne ƙarfin da ke tura ruwan, amfiya kuma yawan ruwan da ke wucewa ta magudana. Rediyo kaɗan take sha, shi ya sa take haƙuri da mataccen batir. Amma injin da ke juya kaset da yawa yake ja. Batir kuma in ya mutu cikinsa toshewa yake yi, kuma a jeri irin namu hanya ɗaya ce, dole wutar ta ratsa ta cikin kowanne. Duk wanda muka ƙara, mun ƙara ɗan turi, mun kuma ƙara toshiya. Na gaya wa Baffa ko ɗari muka jera ba za mu ji muryar Yaya ba. Ya dube ni ya ce to mene ne amfanin sanin, tunda bai kawo batir ba.

Yinin nan sau uku Baffa yana zuwa bakin rafi yana dawowa.

Ran Juma'a Baba ya daina karɓar kunun ma. Liman ya shigo ya duba shi, da zai fita ya ja Baffa gefe ya yi masa magana ƙasa ƙasa, ban ji ba amma na gane. Ina zaune a ƙofar ɗaki, hannu a kumatu, sai na ji ƙarar mota daga wajen gidan mai unguwa. Wani direban akori-kura ne da ya shigo ɗaukar gawayi ruwa ya rufe da shi, kullum da safe sai ya tayar da motar ta ɗan yi zafi. Kwana uku ina jin ƙarar nan kamar yadda ake jin kukan jaki, sai ranar na tuna cewa mota da batir take tashi.

Ko mayafi ban tsaya nema ba, zanin gado na yafa. Direban dattijo ne mai furfura a gemu. Ya ce batir ɗinsa tsoho ne, in wutarsa ta sauka ba mai tura masa mota a cikin wannan taɓo. Na ce masa ubana ne yake mutuwa. Ya shiga mota ya ɗauko sifana. A kansa ya ɗauko batir ɗin har zaurenmu.

Yana direwa ya warware wayoyin da ke jikin gorar Baffa, ya nufi kawunan batir ɗin guda biyu da su, yana cewa haka suke yi a tasha. Ni kuma a daidai lokacin na cire wa rakoda rigarta, idona ya sauka a bayanta, inda aka rubuta shida da harafin bolt a gefe. Batir huɗu take ci, kowanne bolt ɗaya da rabi. Shida ke nan. Na mota kuwa goma sha biyu ne.

Ban san lokacin da na buge masa hannu ba. Dattijo, baƙo, wanda ya ɗauko mana kaya a ka.

Ya ce, "Malama, shekara ashirin ina tuƙi."

Na ce, "Mota kake tuƙawa, ba rakoda ba."

Baffa ya ce in ji kunya. Ya ce ai ƙarfi muke nema tun jiya, ga shi Allah ya kawo, in ya ɗan yi yawa sai muryar ta fi fita. Na ce in aka ba ta ninki biyu na abin da take ci, hayaƙi za mu gani, kuma babu wata rakoda sai an haye rafi. Muka yi cirko-cirko. Gaba kura, baya sayaki: ga wuta har ta yi yawa, ga mara lafiya bayan katanga yana ƙirga numfashi.

Na zauna a ƙasa na zuba wa batir ɗin ido. Irin na da ne, mai baƙar kwalta a sama, da murafe shida na zuba ruwa, da wasu gajerun sandunan dalma a waje suna haɗa wannan gida da wancan. Sai na ga kamar na taɓa ganinsa, ashe a allo ne. Gida shida, kowane gida bolt biyu, an jera su kai da gindi kamar dai gorar Baffa, shi ya sa suka taru suka zama goma sha biyu. In haka ne, ba dole sai na ɗauka daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba. In ƙirga gida uku in tsaya.

Faɗi da baki ba wuya. Amma ban taɓa gwada komai na littafin nan a zahiri ba. Na cire ƙwan tocilar Baffa. Na tambayi direba wane kai ne na ƙari, wane ne na ragi, ya nuna min da leɓe, don har lokacin fushi yake: mai kauri na ƙari, siriri na ragi. Na ɗaura waya a siririn, na kankare sandunan dalma da wuƙa har suka yi haske. A sanda ta farko ƙwan ya kawo ja-ja. A ta biyu ya yi fari tas. A ta uku ya yi walƙiya ɗaya ya mutu.

Baffa ya ce, "Kin gani? Haka za ki kashe min rakoda."

Na ce, "Baffa, tocila batir biyu take ci, bolt uku. Na ba ta shida, dole ta mutu. Rakoda shidan take so."

Direba ya matso ya tsuguna. Ya daina hura hanci.

Wayar ragi ba ta ba ni wahala ba, na naɗa ta a siririn kai, ɗaya bakin na naɗa a ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke cikin gidan batir na rakoda. Waya ta biyu ce ba ta da wurin ɗauri ko ta ina. Sandar dalma a manne take da kwalta, wancan gefen kuma ɗan faifan ƙarfe ne sumul. Sai dai a danne da yatsa, nan da hannun dama, can da na hagu. Baffa ya ce shi ba zai taɓa ba, kada wuta ta ja shi. Na ce shida ko kaza ba za ta ja ba. Na danne, na ce bisimilla, ya danna.

Aka yi gyaran murya sau biyu a cikin akwatin, sannan sallama. Yaya ne, kamar yana tsaye a bakin zaure. Na ce a kashe, a mayar farko.

Bayan an sauko daga masallaci muka shiga da kayan. Ban nemi izinin Baba ba, don na san amsar. Direba ya ajiye batir a ƙasa gefen gado, Baffa ya zauna a bakin gadon da rakoda a cinya, ni na durƙusa a tsakaninsu. Direba ya ce, "Malama, kawo in riƙe miki ɗaya." Na ce a'a, na gode, da irin muryar da nake korar yara daga taga. Ban yarda da hannun kowa ba. Ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Yaya ya gaishe da Baba, ya gaishe da Baffa, ya bi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe a ƙasa bai sani ba. Sannan ya ce, "Baba, ni ne. Garmar nan da na jefar, kullum sai na gan ta." Ya ce an haifa masa ɗa namiji ya sa masa sunan Baba, kuma bakinsa ya kasa kiran yaron da sunan. Ya ce sau uku yana zuwa har Kwanar Dangora yana juyawa, don tsoron a ce masa koma. A ƙarshe ya ce, "Ɗaya gefen kaset ɗin na bar shi ba komai. In Baba zai ce wani abu, a ɗauka a nan. In kuma ba zai ce ba, a dawo min da shi haka, zan gane."

Kaset ya ci gaba da juyawa ba magana. Yatsuna sun fara mutuwa a kan dalma.

Baba ya ce, "Shi ne. Har yanzu yana cinye ƙarshen magana."

Can ya ce, "Juya."

Baffa ya juya kaset, ya danna maɓallan ɗaukar murya, ja da baƙi tare, ya kai rakodar kusa da bakin Baba, ni kuma na bi ta da hannun hagu ina danne da waya. Baba ya fara. Kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya. Ya amsa sallama. Ya ce ya ji. Ya ce gonar tana nan, ba a sayar ba. Ina ta jira ya kai ga kalmar da muka kwana uku muna nema, shi kuma yana ta kewaye, numfashinsa yana guntulewa.

Sai ya ɗago hannunsa na dama daga kan bargo, yana lalube a iska ta wajen da yake jin numfashina. Ya ce, "Uwata, ina hannunki?"

Hannuna ɗaya yana kan batir, ɗaya yana cikin rakoda. Ko wanne na ɗaga, hanyar wuta ta yanke, kaset ya tsaya. Kuma na san Baba, na san ƙarfin da ya rage masa. In aka tsaya aka ce ya sake, ba lallai ya sake ba.

Na ce, "Baba, ba zan iya saki ba. Ci gaba."

Hannun ya ɗan tsaya a sama, sannan ya koma kan bargo. Ya yi shiru har na ce shi ke nan, na ɓata komai. Sai ya ce, "Na yafe maka, duniya da lahira. Ka kira yaron da sunansa." Ya ƙara wasu kalmomi da ba su fita ba. Baffa ya jira, ya jira, sannan ya kashe.

Na saki wayoyin na cafke hannun Baba da hannu biyu. Na ce ga ni, Baba, ga hannuna. Barci ya riga ya ɗauke shi. Da ɗumi a hannun, amma bai riƙe ni ba. Haka na zauna da shi har la'asar, har washegari, ina jira ya ɗan matsa yatsuna ko sau ɗaya. Ran Asabar da hantsi ya cika, bai sake magana ba. Ran Lahadi rafi ya janye.

Direban ya tsaya aka yi jana'iza da shi, kuma motarsa ta tashi bugu ɗaya. Na ba shi haƙurin hannun da na buge, ya ce ba komai, ya ce shi ma ya ƙaru. Ban iya gaya masa cewa ba wannan ne ya fi damuna ba. Taku biyu ne tsakanina da shi a ɗakin nan, yana tsaye da hannuwa biyu ba abin da suke yi, kuma da bakinsa ya ce in kawo ya riƙe.

Yaya ya iso bayan sadakar arba'in, ni na miƙa masa kaset ɗin. Yana wurinsa har yau, ya sa an kwafe shi ya fi sau nawa, 'ya'yansa duk sun haddace. Ya ce in karɓi ɗaya, na ce ya riƙe kayansa. Na ji haushinsa shekaru, ba zan ɓoye ba. Shi da ya jefar da garma ya samu kalmar ƙarshe, ni da na zauna abin da na samu shi ne na hana ubana hannuna.

Sau ɗaya na saurara, ranar da ya kunna a zauren Baffa da sababbin batura. Muryar Baba ta fita sarai, har numfashinsa ana ji. A tsakiya sai ga tawa, a bushe, irin ta malamar aji: ba zan iya saki ba, ci gaba. Bayanta akwai shiru mai tsawo, ba abin da ake ji sai injin yana juyawa daidai, ba ja, ba rawa. Baffa ya jinjina kai ya ce gaskiya aikin ya yi kyau.